Masu Farautar Guguwa da Hadarin Gabas

Laccar da aka gabatar a unguwar Minanata, cikin birnin Sakkwato

  

Duk wanda ya yi bazara ɗaya a Minanata ya san yadda abin yake zuwa. Rana ta wuni tana dukan kwano, iska ta ɗauke ɗif, ko ganyen dogon yaro ba ya motsi. Can bayan la'asar sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, gindin baƙin kuma ja, kamar an tayar da ganuwa a inda babu ita da safe. Mai shayi ya fara tattara kofuna, mata su kwashe shanya, 'yan kabu-kabu su ƙara wuta, uwa ta leƙo zaure tana ƙwala wa yara kira. Kafin a gama rufe tagogi holoƙo ya iso. Minti goma, wani lokaci ma ba ya cika goman, kwanon wani gida yana kan katangar maƙwabci, fal-waya ta kwanta a titi, ajin makaranta ya zama kango. A nan kowa gudun hadari yake yi. To, a wata ƙasa akwai mutanen da in sun hango irin wannan baƙin sai su tayar da mota su nufe shi, wasunsu ma da wannan suke ciyar da iyali. Su ake kira masu farautar guguwa. Da su laccar za ta fara, kafin ta dawo gida, domin labarinsu ya taɓa Sakkwato a wurin da ya fi yi mata ciwo.

Guguwar da suke bi ba irin wadda aka sani a ƙasar Hausa ba ce. Ta nan daga ƙasa take tashi, da tsakar rana, sama tas babu girgije. Ta kwashi leda da karmami ta ratsa fili, yara su bi ta da ihu, tsofaffi su nemi tsari saboda abin da aka taso ana ji cewa iskoki ne ke tafe a cikinta, kafin minti biyu ta mutu. Ta Amurka, wadda suke kira tonado, daga cikin hadari take saukowa kamar mazurari, tana juyawa, ta dafa ƙasa ta yi ta tafiya tana niƙe abin da ta tarar. Tsakiyar ƙasar, wato jihohin Texas, Oklahoma, Kansas da Nebraska, shimfiɗaɗɗen fili ne inda iska mai ɗumi da laima daga tekun Meziko ke karo da busasshiyar iska da mai sanyi daga yamma da arewa, musamman daga Afrilu zuwa Yuni. A shekara Amurka tana ganin irin wannan guguwa kimanin 1,200. Guda ɗaya da ta ratsa garin Joplin na jihar Missouri ranar 22 ga Mayu 2011 ta kashe mutum kusan 160, ta lalata wani babban asibitin garin.

Farautar ta fara ne da sha'awa. Wani saurayi, David Hoadley, ya fara bin hadari da mota a jihar North Dakota a 1956, yana ɗaukar hoto yana rubuta abin da ya gani. Daga baya masana suka ga amfanin abin. A farkon shekarun 1970 cibiyar binciken hadari ta gwamnati da ke garin Norman da Jami'ar Oklahoma suka fara tura ɗalibai da malamai su bi hadari a ƙasa, yayin da wasu ke zaune gaban na'urar rada suna kallon cikinsa. Ranar 24 ga Mayu 1973, a wani ƙaramin gari mai suna Union City, aikin ya biya. Na ƙasa suka ɗauki guguwar tun daga haihuwarta har mutuwarta, suka rubuta lokaci. Da aka gwama da abin da rada ta nuna, sai aka ga alamar juyawar tana bayyana a can sama cikin girgije tun kafin mazurarin ya taɓa ƙasa. Ma'ana, ana iya ganin ta tun ba ta iso ba. A kan wannan ilimi Amurka ta kafa irin wannan rada kusan 160 a faɗin ƙasarta a shekarun 1990, gargaɗin da ake ba mutane ya tashi daga 'yan mintoci kaɗan zuwa minti goma da ɗoriya. Minti goma ɗin nan ita ce ribar dukan wahalar: ta isa uwa ta kwashi 'ya'yanta ta shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Sai talabijin ta shigo. Fim ɗin Twister na 1996 ya sa duniya ta san akwai wannan sana'a, sannan a watan Oktoba 2007 tashar Discovery ta fara shirin Storm Chasers, wanda ya yi zango biyar har zuwa 2011. Matasan Sakkwato da yawa sun ga guntayensa a YouTube ko Facebook ba tare da sun san sunan mutanen ciki ba. Akwai Sean Casey, mai shirya fim, wanda ya ƙera mota mai sulke da ta haura tan 6, mai ƙusoshin ƙarfe da take kafawa a ƙasa don kada iska ta ɗauke ta, burinsa ya ɗauki hoton cikin guguwa. Akwai Dakta Joshua Wurman, wanda ya ɗora rada a bayan babbar mota. Da irinta ya auna iska mai gudun sama da kilomita 480 a awa kusa da birnin Oklahoma ranar 3 ga Mayu 1999. Akwai Reed Timmer da motarsa Dominator, wanda masu kallo suka fi sani da ihu in ya tunkari guguwa.

Akwai kuma Tim Samaras, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Injiniya ne daga jihar Colorado, mutum mai sanyin hali, wanda ya koya wa kansa yawancin abin da ya sani. Ya ƙera wata na'ura mai siffar malafa, faffaɗa a ƙasa mai tsini a sama, yadda iska za ta danne ta maimakon ta ɗaga ta. Aikinsa shi ne ya sha gaban guguwa, ya ajiye na'urar a hanyar da za ta bi, ya gudu. Ranar 24 ga Yuni 2003, kusa da ƙauyen Manchester a jihar South Dakota, ya ajiye ta, bai cika minti biyu da barin wurin ba guguwar ta bi ta kanta. Na'urar ta auna faɗuwar nauyin iska na miliba 100 cikin ƙiftawar ido, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin ranar. Abokan aikinsa sun shaide shi da taka-tsantsan. In ya ga hanya ba ta da mafita, yakan haƙura ya juya.

Shirin Storm Chasers ya yi amfani, ya kuma yi ɓarna, kuma adalci ne a faɗi duka biyun. Ya sa yara da yawa sun karanci kimiyyar yanayi, ya sa mutane sun san kamannin hadari mai haɗari. Amma kyamara kusanci take so. Wanda ya tsaya nesa ya yi awo mai kyau ba ya samun minti ɗaya a allo, wanda ya kutsa har gilashin motarsa ya fashe shi ake maimaitawa. Da wayar hannu mai kyamara ta yawaita, sai ɗaruruwan motoci suka riƙa cika ƙananan hanyoyin karkara a ranar hadari, har motar asibiti ta rasa wurin wucewa.

Ranar 31 ga Mayu 2013, kusa da garin El Reno a Oklahoma, wata guguwa ta sauko a lulluɓe cikin ruwan sama, ba a ganin iyakarta. Cikin ɗan lokaci ta kumbura har faɗinta ya kai kilomita 4.2, mafi faɗi da aka taɓa aunawa, ta ƙara gudu, ta karkata inda ba a zata ba. Ta riski Tim Samaras a ƙaramar motarsa tare da ɗansa Paul mai shekara 24 da abokin aikinsa Carl Young. Dukansu uku suka mutu. Motar ma'aikatan tashar Weather Channel ma ta yi jifa da ita cikin gona, Allah ya yi da sauran kwanansu. Mutum 8 guguwar ta kashe a ranar, kuma dukansu a cikin mota suke. Bayan shekara huɗu, a watan Maris 2017, wasu masu farauta uku suka mutu kusa da garin Spur na Texas, biyu daga cikinsu masu gabatar da wani shirin talabijin ne na bin guguwa. Su ba iska ce ta kashe su ba, motocinsu ne suka yi karo a mararraba suna sauri su cim ma hadari.

Akwai wata guguwar da ba a cika yi mata shiri a talabijin ba, don ba ta da siffar da za a nuna: guguwar dusar ƙanƙara. Wanda ke cikinta fari kawai yake gani. Abin lura shi ne yadda hukumar yanayi ta Amurka ta fassara ta. Ba ta sa yawan ƙanƙarar da ta zuba a cikin sharaɗi ba. Sharuɗɗan su ne iska mai gudun kilomita 56 a awa ko fiye, ganin gaba ya gaza mita 400, kuma a yi awa uku a haka. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo daga sama ba, in iska ta kwashi wadda ke kwance a ƙasa ta makantar da mutane, sunanta ke nan. Basakkwace ba ya buƙatar dogon bayani a nan: a cire ƙanƙara a sa ƙura, holoƙo ne.

Ranar 12 ga Janairu 1888 gari ya waye da ɗumi-ɗumi a filayen Dakota da Nebraska, yara suka tafi makaranta ba su ɗauki manyan riguna ba. Da rana iska ta juyo daga arewa. Mutum 235 suka mutu, da yawansu 'yan makaranta ne da suka ɓata tsakanin aji da gida, wasu an tsinci gawarsu 'yan taku kaɗan daga ƙofa. A watan Fabrairu 1972 ƙanƙara ta yi kusan mako tana zuba a Iran, ta binne ƙauyuka ɗungurungum, aka rasa rayuka kimanin 4,000. Ita ce mafi muni da tarihi ya rubuta. Ko a kwanan nan, a ƙarshen Disamba 2022, birnin Buffalo na jihar New York da kewayensa sun rasa mutum sama da 40, wasu a cikin motocin da suka maƙale, duk da an yi kwanaki ana gargaɗi.

Bala'in sanyin Texas na watan Fabrairu 2021 ya fi kusa da rayuwar nan. Jiha ce mai zafi, gidajenta ba a gina su don sanyi ba. Sanyi ya sauko, tashoshin lantarki suka daskare, gidaje sama da miliyan 4 suka shiga duhu. Hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka mutu. A cikinsu akwai waɗanda sanyin bai taɓa ba: sun kunna gawayi ko janareta a cikin gida, ko sun tayar da mota a rufaffen gareji don su ji ɗumi, hayaƙin da ba shi da wari ya kashe su suna barci. Wannan ita ce mutuwar da kaskon garwashi ke yi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga a cikin hunturu, a Mabera ko Gidan Igwai ko nan Minanata. Sanyin Sakkwato, da kan sauko wajen digiri 15 da asuba, ba ya daskarar da jini, amma yana sa tsoho da jariri da almajirin da ke kwana a zaure su matso wuta. Busasshiyar iskar kuma ba ta yi wa gobara da sauƙi. 'Yan kasuwar da suka yi asara a gobarar babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu 2021 sun san haka.

Hazon hunturun ma an san gidansa. Yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki ne da ya ninka Tafkin Chadi na yau sau da yawa. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ta bi ta lungu, ta fito da ƙarfi ta kwashi farar ƙasar wurin. Babu wuri guda a duniya da ya kai shi fitar da ƙura. A 2005 wata tawagar masana daga jami'o'in Ingila ta je ta kafa tanti a bakin kwarin don ta auna iskar a inda take tasowa. Tun kafin su, masu hasashen yanayi a Nijeriya sun daɗe da sanin cewa in aka ba da rahoton ƙura ta tashi a Faya-Largeau, to bayan kwana ɗaya ko biyu hazo zai rufe Arewa, jirage su kasa sauka.

Mai sauraro zai iya tambaya: to, bin iska da awonta, me ya taɓa tsinana wa wanda ba ya zaune a Oklahoma? Amsar tana cikin labarin wani Bajapane, Farfesa Tetsuya Fujita na Jami'ar Chicago, wanda ma'aunin ƙarfin tonado ke ɗauke da sunansa tun 1971. Ranar 24 ga Yuni 1975 wani jirgin fasinja ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a New York cikin hadari, mutum 113 suka mutu. Aka kira Fujita. Shi kuwa tun yana saurayi ya auna ɓarnar bam ɗin Nagasaki a 1945, ya ga yadda itatuwa suka kwanta suna fuskantar waje daga wuri guda. Ya sake ganin irin wannan kwanciya a gonaki da dazuzzukan da hadari ya bi a Amurka. Sai ya ce akwai wata iska mai sanyi da nauyi da ke faɗowa daga cikin girgije kai tsaye, ta daki ƙasa ta watsu ta ko'ina, kamar an juye bokitin ruwa a siminti. Jirgin da ya shige ta zai fara jin iska tana tura shi ta gaba, nan take ta danne shi daga sama, sannan ta koma bayansa, fukafukansa su rasa abin da za su riƙe. Masana da yawa suka ƙi yarda. Ya fita da rada ya farauto ta, a kusa da Chicago a 1978, aka sake tabbatarwa a Denver a 1982. Bayan wani jirgin ya faɗi a Dallas a 1985, mutum 137 suka mutu, aka sa na'urorin gano ta a filayen jirgi da cikin jiragen, aka koya wa matuƙa yadda ake kuɓuta. Tun bayan wani hatsari irin wannan a birnin Charlotte a 1994, wannan iska ba ta sake kayar da babban jirgin fasinja a Amurka ba.

Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, jirgin ADC mai lamba 053 ya tashi daga Abuja zai zo Sakkwato da mutum 105. Hadari na kan filin jirgin. Ko minti biyu bai yi a sama ba ya faɗi a wata gona a Tungar Madaki. Mutum 96 suka rasu. A cikinsu akwai Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da Sanata Sule Yari Gandi, da 'ya'yan gidaje da yawa na wannan birni. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk wanda ya kai shekara talatin a wannan zaure yana tuna inda yake sa'ad da labarin ya iso. Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama ya ce jirgin ya tashi cikin mummunan yanayi, ya shiga juyin iska, kuma ba a bi matakan kuɓuta daga gare ta yadda ya kamata ba. Ƙasa da shekara ɗaya kafin nan, ranar 10 ga Disamba 2005, jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal cikin hadari da irin wannan iska, mutum 108 suka mutu, 60 daga ciki 'yan makaranta ɗaya ne. Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan imanin kowane Musulmi ne. Amma sababin da ya zo ta hanyarsa an riga an san shi, an ba shi suna, an san maganinsa shekara ashirin kafin ranar. Bayan waɗannan haɗurra ne aka fara kafa na'urorin gano juyin iska a manyan filayen jiragen Nijeriya.

Iskar da ta danne wancan jirgi 'yar gida ɗaya ce da wadda ke yaye kwano a Minanata. Holoƙo ba komai ba ne illa iska mai sanyi da ta faɗo daga hadari, ta bazu a gabansa tana share ƙurar da rani ya tara. Shi ya sa ake jin sanyi-sanyi tare da shi, shi ya sa kuma ya fi muni a Mayu da Yuni, lokacin da ƙasa ke tsirara, iskar ƙasa-ƙasa kuma ta bushe. Bangon jan ƙurar da ya rufe Yamai da rana tsaka ranar 4 ga Mayu 2020, wanda bidiyonsa ya zaga duniya, irinsa ne.

Taurarin ɗan'adam sun nuna cewa yankin Sahel, inda Sakkwato take, yana cikin wuraren da hadari ya fi tsanani a duniya. Hadarin nan ba ɗaiɗai yake tafiya ba. Yakan jeru sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, sau da yawa an haife shi a kan tuddai irin na Azbin ko Jos ko can Darfur, ya nufo yamma. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da manomin Sahel ke samu daga irin wannan jerin gwanon yake zuwa, don haka abin tsoron shi ne kuma abin roƙo. Wasu daga cikin tarin hadarin, in sun fita teku ta Senegal, su ne ke girma su zama mahaukaciyar guguwar da ke afka wa Amurka. Mafi yawan manyan guguwowin tekun Atlantika daga Afirka asalinsu yake. Wannan ne ya kawo masu farauta har ƙasar Hausa. A daminar 2006, ƙarƙashin wani babban shirin bincike mai suna AMMA da Faransa ta jagoranta, an kafa rada ta jami'ar MIT a filin jirgin Yamai, jiragen bincike na Faransa da Ingila suna tashi daga can suna zagaya hadari, a Damagaram kuma ana sakin manyan balan-balan da ke hawa kusan kilomita 20 su bi iska zuwa teku suna sako na'urorin awo. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35 a mujallar Nature: hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun 1982, kuma sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Wanda ya ga ambaliyar Satumba 2010, da ta cinye gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta raba ɗalibai da gari, ba zai yi mamakin wannan ba.

Abin da ke damun mai wannan lacca shi ne, a dukan wannan aiki, baƙi ne suka zo suka auna hadarin da ke bi ta kan rufin Bahaushe, suka tafi da alƙalumansu. Hukumar yanayi ta duniya ta sha faɗin cewa Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin awo. Alhali kallon sama ba baƙon abu ba ne a nan. Malamai da manoma sun daɗe suna lissafin taurari 28, kowanne da kwanakinsa, suna sanin shigar Zira'a da Nasara da Ɗarfa da abin da ake tsammani a cikinsu. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya ga hadari ko iska akan ga damuwa a fuskarsa, ya shiga ya fita, har sai ruwa ya sauka. Lura da alamar da Allah ya sanya a sama ba shiga gaibu ba ne, kamar yadda ganin baƙi a gabas a kwashe shanya ba duba ba ne.

Kuma Sakkwato tana da wata dama da mutumin Oklahoma zai so ya samu. Tonado minti goma take ba shi. Jerin hadarin Sahel kuwa hanyarsa sananniya ce, daga gabas zuwa yamma, da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Isa da Shinkafi suna gabas da wannan birni da kilomita 130 ko ɗan fiye, a miƙe. Hadarin da ya yi ɓarna a can da azahar, in bai mutu a hanya ba, yana da awa biyu zuwa uku kafin ya iso Minanata. Daga Rabah, rabin awa da ɗoriya. Ba kowane hadari ne ke bin wannan ƙa'ida ba, wani a kan gari yake haɗuwa, kuma rashin tsaro ya sa sadarwa da gabashin jihar ta yi wuya. Duk da haka, babu unguwa a Sakkwato da ba ta da ɗan'uwa ko abokin ciniki ko direba a waɗannan garuruwa. Amurkawa suna da 'yan sa-kai sama da 300,000 da aka horar, waɗanda ba sa bin guguwa ko'ina. Daga ƙofar gidansu suke kallo su buga waya su ce ga abin da suka gani, a wuri kaza, da ƙarfe kaza. Wannan ɓangaren na aikin ba ya fitowa a talabijin, kuma shi ne wanda ba ya buƙatar mota mai sulke. Zauren WhatsApp guda mai amintattun mutane daga Sabon Birni zuwa Wurno, da ma'aikaci ɗaya a Gidan Rediyon Rima da zai karanta saƙon, da ladanin da zai maimaita a lasifika, sun isa a sallami yara daga Islamiyya da wuri, masu kwale-kwale a gulbin Rima su fito, 'yan kasuwa su ɗaure rumfa. Tauraron Meteosat yana aiko da hoton girgijen Afirka a kai a kai, kyauta, ɗalibin jogarafi a jami'a zai iya koyon karanta shi cikin mako guda. Hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, kuma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da na kwana uku-uku, sai dai kaɗan ne ke kai shi zaure.

Sauran aikin na kafinta ne da mai gida. Yawancin rufin da iska ke ɗauka ba kwanon ne ke yagewa ba, katakon ne gaba ɗaya ke tashi, domin an ɗora shi a kan bulo ba a ɗaure shi da rodi ko waya a jikin gini ba. Iska in ta bi ta saman rufi tsotsarsa take yi sama, in kuma ta samu ƙofa a buɗe ta shiga ta tura daga ciki. Magina na da sun san dalilin da ya sa suke yi wa soro rawani. Watan Maris da Afrilu ne lokacin hawa a duba ƙusa, a canza katakon da gara ta ci, a sare reshen da ya rataya a kan ɗaki.

Ga matasan da ke fita da waya in hadari ya taso, kalma ta ƙarshe taku ce. Sha'awar da ke fitar da ku ita ce ta fitar da Hoadley a 1956, kuma abin yabo ce. Amma Samaras ya fi ku kayan aiki da sanin hanya, bai dawo ba. Kwanon da iska ta ɗauko wuƙa ne, gindin itace da saman bene wurin aradu ne. In tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, tana cikin kilomita 10 daga inda kuke, ku shiga ɗaki. Ku ɗauki hotonku ta taga, ku rubuta rana da lokaci da unguwa da inda iskar ta fito, ku tura wa na yamma da ku, mutanen Wamakko da Silame da Argungu, tun bai kai gare su ba. Shugabannin makarantun Minanata kuma, ana roƙonku kowace makaranta ta sa ma'aunin ruwan sama ɗaya a fili da littafi ɗaya a ofis, ta ba ɗalibi ɗaya amanar rubutawa kowace safiya, kafin hadarin farko na bana ya taso.